Cabuduwo

Kalmar Sinanci ɗaya na iya, kuma a sitona na citta da ke Kachia na koye ta. Wani ɗan Caina da ke sayen busasshiyar citta a hannuna ba ya rabuwa da ita: cabuduwo. Tafintansa ya ce ma'anarta abu biyu sun yi kusan ɗaya, bambancin bai kai a tsaya a kansa ba. In buhu ya ɗan gaza cika, cabuduwo. In mota ta kusa isowa daga Kafanchan, cabuduwo.

A lokacin mata shida ke tsaga mini citta da wuƙa kafin a shanya. Babbarsu wata dattijuwa ce daga wajen Zonkwa, ƙawar mahaifiyata, wadda ta goya ni ina jariri. Tsagarta ba ta da na biyu: gida biyu cif, ba ɓarna. Da aikin take ciyar da jikoki uku.

Da na sayo injin yanka, ita ce ta ce a gwada. Ta shimfiɗa tata a tamfol, ta inji a gefe, ta ce in kira baƙon ya raba gardama. Har sabon ɗankwali ta ɗaura.

Ya zo ya ɗauki wannan, ya ɗauki waccan, ya karya, ya sansana.

"Cabuduwo," ya ce, ya koma kan wayarsa.

"Ɗana, me ya ce?"

Tafinta ya sunkuyar da kai. Ni na amsa.

"Ya ce duk ɗaya ne, Mama."

"Duk ɗaya? Shekara ashirin ina tsaga maka. Kai ka duba da idonka."

Na duba. Tata ta fi kyau nesa ba kusa ba, na kuma sani. Amma ba ni zan ci cittar ba, kuma inji yana gama aikin mako a wuni guda.

"Mama, daga Litinin ki huta."

"Jikokin nan hutu za su ci?"

Ta goge wuƙarta da bakin zane, ta ajiye a kan buhu, ta fita ba sallama. A coci har yau muna haɗuwa. In na gaishe ta sai ta gyara zama ta buɗe littafin waƙoƙi.

Wuƙar tana nan. Da ita muke kankare dattin da ke maƙalewa a bakin injin.