Hoton Baba a Gonar Alkama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata a ce na manta ba. Amma ranar da na ga hoton mahaifina a bangon rumfar mai shayi, wannan kam da ita za a binne ni. Gemuna ya yi fari fat, idona ba ya ganin kafar allura sai da tabarau, amma har gobe ina ganin hoton nan tar a zuciyata.

Mu mutanen ƙasar Maradun ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi wanda yanzu kifi ne ke yawo a inda ɗakunanmu suke. Kafin a tare ruwa a Bakolori, Baba yana da fadama mai albarka da rumbuna a jere. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma malami ba ne, amma kowa ya san gidansa. Yana da wata ɗabi'a: in kaka ta yi ya fitar da zakka, ba ya yarda a miƙa wa mutum hatsi a gaban jama'a. Sai ya sa a kai dami a jingine a zauren mai shi da sassafe, ba sallama, ba a faɗin daga ina. Yakan ce mai buƙata ya riga ya sha wuya, kada a ƙara masa da kunya.

Da ruwa ya cinye fadamar, aka kwashe mu aka zube a kan tudu mai tsakuwa, inda ko gero sai ya ga dama yake fitowa. Rumbunan da aka sake ginawa suka zama gidan ɓeraye. Ni a lokacin magidanci ne, ina ɗinki a bakin tasha a Talata Mafara. Duk sanda na je da ɗan abin hannu sai Baba ya ture. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kiran sunana, sai ya ce, "Kai wanga, riƙe abinka ka ciyar da iyalinka. Ina da abin yi Bakura." Ya ce wani tsohon amininsa ne ya ba shi aikin duba ma'aikata a gonakin alkama. In lokacin girbi ya zo sai ya sa shuɗiyar babbar rigarsa mai aska biyu, wadda ni na ɗinka masa da hannuna, ya kafa hula, ya shiga motar kasuwa. Ya yi 'yan kwanaki ya dawo da ɗan buhun alkama. Mu duka mun yarda, har Inna tana yi wa aminin nan addu'a.

Da shekara ta kewayo, mutanen aikin dam suka raba kalanda kyauta, kowane shago da rumfa an ba shi. Wata safiya na nufi mai shayin da ke kusa da shagona, na tarar an yi cincirindo ana kallon bango ana surutu. Ina yin sallama kowa ya kau da kai. Wani ya hau kurɓar shayi, wani ya sunkuya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Na ɗaga kai.

Gonar alkama ce faɗin ido, an gama girbe ta, ga injin girbi can baya. A gaba kuma wani tsoho ne tsugune cikin tsumma, ƙwarya a hannu, ya ɗago fuska yana duban mai ɗaukar hoton. Wani malamin makaranta da bai san ni ba ya karanta Turancin da ke ƙasa, wai manomin Bakolori yana murnar girbi. Murna! Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san wanda ke bin bayan girbi da ƙwarya yana tsintar zangarniyar da ta zube, kala yake yi, aikin tsofaffin matan da ba su da kowa. Na so in ƙaryata idona, in ce kama ce kawai. Sai na hango gefen hoton, a bakin hanyar ruwa, an ninke shuɗiyar riga tsaf, an ɗora hula a kai, ga takalma a gefe. Na san aikin hannuna ko a cikin riguna dubu.

Ashe babu wani amini. Baba yana tafiya can nesa ne inda ba a san shi ba, ya tuɓe rigarsa ya ajiye, ya yi kala, ya mayar da ita ya dawo gida da mutuncinsa. Mai shayi ya sauke kalandar ya naɗe ya miƙo mini, ya ce, "Tawa ke nan na sauke, amma ka yi haƙuri, ta shiga ko'ina."

Ni mutum ne mai zafi, ba na ɓoyewa. Ko shago ban rufe ba na kama hanyar ofishin masu aikin, na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wanda ya ɗauki hoton. Na zaci zan ga wani Bature in sauke masa abin da ke cikina. Sai ga wani saurayi ɗan birni, Bahaushe kamata, fes-fes da shi, har da ba ni kujera. Da na shimfiɗa kalandar sai fuskarsa ta washe, ya ce ai duk cikin hotunansa wannan aka fi yabawa.

Na ce, "Mahaifina ne. Ka tambaye shi kafin ka ɗauka?"

Ya ce, "Malam, a fili na gan shi. Ban shiga gidan kowa ba, ban leƙa katangar kowa ba. Gonar ma ta hukuma ce. Babu dokar da na karya."

Na ce, "Bai ce maka komai ba?"

Ya ɗan yi tunani, har da murmushi, ya ce, "Ya yi magana. Ya ce in dakata ya sa rigarsa. Na ce masa, Baba, ai haka ya fi kyau."

Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Masu gadi ne suka fitar da ni, ɗaya riƙe da wuyan rigata. Daga nan na wuce wurin wani ɗan sanda da nake yi wa ɗinki, na zayyana masa komai. Ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko yaron ya daki tsohon, ko ya zage shi, ko ya karɓe masa wani abu. Na ce a'a. Ya ce to babu ƙara, in ma akwai mai laifi ni ne da na ta da hankali a ofis. Na fito ina ta nanata tambayar nan tasa, ko ya karɓe masa wani abu. Ya karɓe mana. Abin da ruwa bai iya cinyewa ba shi ya karɓe, sai dai ba irin abin da ake kaiwa gaban alƙali ba ne.

Da na isa gidan su Baba kalandar ta riga ni. Inna ta ce tun da aka kafa ta a shagon da ke ƙofar masallaci Baba bai sake zama a majalisa ba. Na same shi a ɗaki, muka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban yi sata ba. Abin da inji ya bari shi na tsinta." Na ce na sani, Baba. Ya ce, "Abu guda na roƙi yaron nan, bai ba ni ba."

Washegari da safe muka fito tare, sai ga damin gero a jingine a zaurenmu. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya ce daga ina. Mutanen kirki ne, su ma ba wani abin kirki suka samu a tudun nan ba, kuma yadda ya koya musu haka suka yi. Baba ya daɗe tsaye yana kallon damin. Sannan ya ce, "Ashe sun iya." Ya juya ya koma ciki.

Mun ci geron, don yunwa ba ta bar mana zaɓi ba. Amma Baba bai ƙara zuwa Bakura ba, a masallaci ma sahun baya ya koma, ana sallama ya fice. Kafin in tafi ya miƙo mini shuɗiyar rigar a ninke, ya ce in rage ta ta yi mini daidai. Ban rage ba, tana nan a akwatina. Bai daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce hoto ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san tun kafin ya rasu an riga an rage shi, kuma wanda ya yi hakan ya sha yabo a kai.

Yanzu kowa da waya a hannu. In mutum ya faɗi a kasuwa, kafin a ɗaga shi an ɗauke shi. In na yi wa jikokina faɗa sai su ce ai a fili ne, Kaka, doka ba ta hana ba. Na san wannan maganar, na ji ta tun ba a haifi iyayensu ba. Abin da na koya shi ne mutum yana iya tsayawa a tsakiyar fili alhali asirinsa a rufe yake, kuma doka ba ta san inda wannan rufin yake ba, sai mai shi. Saboda haka ka tambaya kafin ka ɗaga wayarka. In ya ce a'a, ka sauke. In ya ce ka dakata ya sa rigarsa, don Allah ka dakata.