Yatsun Inna da Ƙayar Kifi

Miyar kifin Innarmu ba ta da wani sirri. Busasshiyar tarwaɗa ce, da daddawa da tattasai, sai garin jatan lande da yayana yake sayo mata a kasuwar Maraɗi. Aikin duka yana wajen cire ƙaya. Sai ta jiƙa kifin a ruwan zafi, ta zauna tana murza tsokar tsakanin yatsu, idonta na kan hira. Haƙoran kirki ba ta da su, ido ma ya fara gajiya, amma ƙaya ko ta kai siririn gashi ba ta wuce yatsun nan.

Saboda miyar ce 'ya'yan yayana suke yarda su baro fankar gidansu na unguwar Zariya a Maraɗi su zo wajenmu Jiratawa ran Lahadi. A baki take ba su, tana tsokanar ƙaramin da cewa mijin da bai kawo cefane ba ya fi kowa loma.

Wata damina tusar jaki ta fito mata a yatsu, ƙananan ƙuraje masu tauri, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Ba a daɗe ba irinta ta fito wa ƙaramin a hannu. Aka kai shi likita, aka ce ana ɗauka ta taɓawa, kuma takan baje da kanta in an yi haƙuri. Yayana ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya da linzami.

"Inna, ki bar ba su abinci da hannu har abin ga shi wuce," ya ce.

Ta ce to. Daga ranar yaran suka rage zuwa.

Inna kuwa ba ta san haƙurin jira ba. Ta ɗaure ƙurajen da zare, suka ƙi faɗuwa. Wata ƙawarta daga Tsibiri ta ce a ƙona su, sai ta riƙa sa ƙusa a garwashi tana ɗosawa, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da na gani na yi faɗa har na yi kuka. Ƙurajen sun tafi, fatar kan yatsun ta warke da tabo mai kauri.

Ta aika a kawo yaran. Tun da safe ta jiƙa kifi, tana ta murna. Ina yanka albasa na lura murzar ta yi tsawo, ga ƙayoyi ina hangowa a tsokar da ta ware wai ta gama. Ta bi idona, ta sake murzawa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Muka ji motar yayana ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta turo mini kwanon, ta ɓoye hannunta cikin zane.

"Ɗiyata, amshi ki hidda musu," ta ce. "Ni ba ni jin komi. Kada ki hwaɗa ma yayanki."