Ɗan Maraƙin Da Anka Aiko Ma Baba Ɗalha Daga Holan

Jama'a wai don Allah kun taɓa ganin ladan rungume da gunki? Ladan hwa, mai kiran salla, tsakar gidanai, mutane na kallo har ta bisa katanga? To ni na gani da idona, kuma ladanin ba wani na ba, kakana na, Baba Ɗalha na nan Aliero. Ku tsaya ku ji yadda anka yi kahin ku zage shi, don na ga wasu har sun hwara.

Baba Ɗalha manomin albasa na tun tasowatai, bai da wata sana'a. Kuma tun ba a haihe ni ba shi ka kiran salla masallacin unguwarmu. Murya gare shi, in ya ɗaga ta masu ban ruwa can fadama sai su aje aiki. Mabuɗin ɗakin lasifika ɗaure shike ga igiyar wandonai, da shi shika kwana da shi shika zuwa gona, har Inna Fatimatu matatai tana cewa ranar da za a yi mai wanka sai an yi kokawa da gawa kahin a ƙwace mabuɗin nan. Fim kuwa ba shi kallo, ko na Hausa. In ya iske mu mun haɗa kai ga waya sai shi ce ku dai kun samu aiki, shi wuce.

Ɗa namiji guda Allah yab ba shi, Kalilu, shi na babana. Ina ƙarama albasa tar ruɓe mai cikin rumbu, yay yi hushi yab bi motar Agadas. Kira na ƙarshe da yay yi yac ce ya haye ruwa, shina wata ƙasa mai sanyi, sai layi yat tsinke. Daga nan shiru har yau. Mamata ta yi jira ta gaji ta koma gidansu Mungadi, ni anka bar ni wurin Inna.

To shekarun baya sai ga wata Baturiya da mutanenta da kyamarori cike da mota. Safwan ɗan Jega, malamin gona da yay yi karatu ƙasar Holan, shi ka yi musu tahinta. Ashe ita shirya finafinai takai can ƙasassu da yarensu, Holanci. Sunanta ya gagari bakin kowa, sai munka sa mata Baturiyar Albasa. Labarin fim ɗin wai wani yaro na baƙar hwata yar rasu can, wata mata da yay yi ma aiki ta ɗauko jakatai ta kawo ma ubanai har gida. Duk fim ɗin can sunka yi shi, ƙarshen kaɗai ar nan, kuma tsohon da za shi zama uban take nema. An kawo mata 'yan wasa daga birni ta ce ba su yi mata ba. Tana tsaye kasuwar albasa taj ji kiran azahar, sai tad dahe hannun Safwan tac ce mai wagga murya nika so.

Da sunka zaka gida Baba har da ja da baya.

"Ni? Wasan kwaikwayo? Da hurhurata? Safwan kai ma ba ka da kirki."

Safwan yac ce Baba ka yi haƙuri aike na. Sun miƙe za su tahi sai Baba yac ce, "Tsaya. Abin in an gama ina aka nuna shi?"

"Holan Baba, da ƙasashen da ke kusa da su. Gidajen kallo, talabijin, har wayoyi."

"Baƙaƙen hwata da ke can suna kallo?"

"Suna kallo mana."

Baba yad dubi ƙasa. Can yac ce to ku kawo abin naku. Inna tas saki muciya! Bai hwaɗi dalili ba amma duk wanda ke gidan ya gane, so shikai Kalilu shi ga huskatai. Baba ya je ya tambayi Liman Ya'ƙub, liman yac ce in dai ba kiɗa ba taɓa hannun mace, je ka yi.

Magana guda sunka ba shi ta Holanci shi haddace. Wayyo Allah yaren ga, kamar mutum na kakin majina! Baba na bisa jaki shina ta gurnani, na ce mai, "Angona ƙashin kihi ya maƙale maka? In kawo ruwa?" Yac ce, "Amarya ki kiyaye ni, in na tashi tahiya Turai ba da ke za ni ba." Nic ce wa ka son tsoho mai warin albasa can. Yaj jeho ni da hula.

Ranar ɗauka bakin rumbun albasarmu anka yi. 'Yar wasan Baturiyar ta aje jaka gabanai ta yi ta magana da yarensu, shi kawai buɗewa za shi yi shi hwaɗi abin da anka koya mai. Ya buɗe, ya ciro wata riga ta samari, ya riƙe ta. Shiru. Safwan na yi mai alama daga baya, shiru. Sai kawai munka ji ya ɗaga muryar nan tai ta kiran salla, "Kaliluuuu!" Ƙaton Baturen da ke riƙe da kyamara hawaye shaɓe-shaɓe har ga gemu. Inna ta ruga ɗaka. Sai daga baya Baba yah hwaɗi Holancin nai a hankali, Safwan yac ce ma'anatai ƙohwa buɗe take. Baturiyar Albasa ta ce ba a sakewa, haka za ta bar shi.

Sun tahi. Damina ta wuce, an dasa albasa an cire, ba labari. Duk ranar kasuwar Jega sai Baba ya biya wurin Safwan ya ce an kira? Safwan shi ce ba a kira ba Baba.

Kwatsam ranar nan da hantsi sai ga Safwan bisa mashin da akwati ɗaure baya, shina ta washe baki. Wai can Holan duk shekara suna taro a zaɓi finafinan ƙasa da sunka hi kyau, da masu shiryawa da 'yan wasa, a ba su kyauta. Wai cikin waɗanda ba su na manyan jarumai ba, Baba Ɗalha yac ci! Tsohon da bai taɓa kallon fim ba! Sun so shi je amma takardu ba su hito ba, shi na sunka aiko da kyautar. Kahin ka ce mi gida ya cika, mata na guɗa, yara bisa katanga. Wasu na cewa agogo na, wasu na cewa kohi na irin na 'yan ƙwallo. Inna har ta goge saman kwabba inda za ta aje.

Safwan ya yanke igiya, ya ɗaga murhi, ya yaye ƙyalle. Jama'a ɗan maraƙi! Ɗan maraƙi na ƙarhe, shina walƙiya kamar zinari, da kunnuwa da idanu da komi!

Guɗa ta tsaya cak. Inna tac ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata maƙwabciyarmu ta ruhe ma ɗanta ido. Sai Naziru, wani saurayi da ka share masallaci, wanda kowa ya san ya daɗe shina son lasifikar nan, yad daka tsawa, "Ɗan maraƙin Samiri! Irin wanda mutanen Annabi Musa sunka bauta ma! Gunki na wallahi, gunki cikin gidan ladan!" Mutane sunka watse baya kamar an ce maciji.

Safwan na ta rantsuwa, "Ba bauta mai sukai ba! Haka kyautassu take, kowa yac ci shi aka ba. Ba ma zinari na ba, tagulla ta!" Ba mai saurare. Bala Bahillacen da ka kawo muna taki shi kaɗai yam matso, ya duƙa ya dube shi da kyau yac ce, "Aradu wanga maraƙi bai ƙoshi da nono ba, dubi ƙahwahunai." Ko mutum guda bai yi dariya ba.

Ashe akwai sauran saƙo. Safwan ya rage murya yac ce, "Baba, Baturiyar Albasa ta ce a ɗauki hotonka riƙe da shi. Can kowa tambaya shikai wane na tsohon ga. Jaridu da talabijin za su sa hoton, da sunanka da sunan garinku."

Na ga idon Baba ya canza. Yac ce da sunan gari? Safwan yac ce har da shi.

Ana haka sai ga Liman Ya'ƙub, an riga an kai mai labari. Ya dubi akwati ya kau da kai, ya zauna bisa turmi.

"Ɗalha, tare munka yi kiwon awaki ni da kai. Na san ba ka bauta ma kowa sai Allah. Amma hoto ba shi magana. In ya shiga waya, daga nan har Maiyama cewa za a yi ladanimmu ya rungumi gunki. Kai shi ga maƙeri a sare kan, sannan a ɗauka."

Safwan yac ce, "Allah gahwarta malam, in maraƙin bai da kai ba su sa hoton. Za su ce an ci mutuncinsu."

"To ni ma ban iya tare bakin mutane," inji liman. "Wasu ba su ƙara taka masallacin ga in muryarka ta kira su. Ɗalha ka duba da kyau. In ka ɗauki hoton ga, lasifika ta hi ƙarhinka, ba ni ka korarka ba, amma haka za a yi."

Inna na kuka tana cewa malam ka rabu da shi, a jehwa shi gulbi mu huta. Ni kuwa na ƙame jikin garu, ban san wanda nika goyon baya ba. Baba ya dubi liman. Sai yac ce, "Ya'ƙuba, na kira mutanen unguwar ga shekara da shekaru, kullum suna amsawa. Mutum guda nika kira bai amsa ba."

Sai yas sa hannu ƙarƙashin riga. Wallahi ban yarda ba sai da nig ga mabuɗin ga tahin hannunai! Mabuɗin da ko Inna ba ta taɓa riƙewa ba! Ya miƙa ma liman, liman ya ƙi amsa, Baba ya aje mai bisa gwiwa. Ya juya ya ɗauki maraƙin da hannu biyu ya aza ga ƙirji, mata sunka sa salati, Naziru ya hice shina a'uzubillahi.

"Safwan ɗauka. Ka tabbata huskata ta hito sosai. Kuma ka ce su rubuta Ɗalha na Aliero, uban Kalilu." Ya dube ni yac ce, "Amarya gyara min hula, kada babanki shi ga na tsuhwa." Na gyara mai.

Azahar na yi munka ji lasifika ta yi ƙara, sai muryar Naziru, siririya, ko bakin titi ba ta kai. Baba na alwala, ya tsaya da buta ga hannu har anka gama. Ya tahi masallaci ya bi sahu can baya, ya dawo gida.

Ranar kasuwar Jega ya naɗe maraƙin cikin buhun albasa ya kai ga maƙeri anka sare kan, ya jehwa shi gulbi kan hanyar dawowa. Gangar jikin tana nan, da ita Inna ka tokare ƙohwar madahi. Amma lasifika ba ta dawo ba. Wasu sun bar gaishe shi, yara na ce mai Baba mai maraƙi, hoton kuwa ya zagaya wayoyi ba bayani kamar yadda liman yac ce. Safwan ya nuna muna an sa shi can Holan, da rubutun yarensu ƙasa, na ga sunan babana ciki da idona. Har yanzu dai ba a kira ba. Lokacin salla in ya yi sai ka ga Baba zaune ƙohwar gida bakinai na motsi, shina yin kiran a hankali shi kaɗai.

Shi yas sa nir rubuta wanga. Babana dogo na, baƙi, da tabo bisa gira ta hagu inda jaki yah harbe shi, kuma in ya yi hushi shina i'ina. Kalilu Ɗalha, Aliero. Ku da kunka tura hoton kuna zagi, don girman Allah ku tura wanga shi ma. In kuna da wani Turai, ko wace ƙasa ta, ku aika mai shi ma shi aika gaba, kada shi tsaya ga wayarku. A gaya mai ni Raihanatu na girma, kuma tsoho ya ba da mabuɗinai saboda shi.