Ɗiban Wuta

Duk safiyar da hayaƙin mai ƙosai ya tsallako katangarmu a nan Tudun Wada, sai in ji kamar kakata za ta kira ni ta miƙo mini kasko.

A ƙauyenmu, 'ya'yana, wuta ba ta mutum ɗaya ba ce. Wadda murhunta ya kwana da sanyi sai ta ɗauki kasko ta leƙa maƙwabta ta ɗebo garwashi. Kakata, Allah ya jiƙanta, wutarta ba ta mutuwa. Amma in marka ta kankama, rumbuna suka yi ƙasa, kullum sai ta aike ni ɗiban wuta wurin wata tsohuwa da ke bayan dangarmu, wadda ba ta da kowa. Ran nan na ce, "Kaka, ga wuta tana ci a murhunmu." Ta ce, "Ke dai tafi, ki dubo mini ko ta ɗora tukunya." In na dawo da garwashi, ta yi hamdala. In na dawo da kasko wayam, sai ta auni dawa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta tafi da kanta, wai ta je hira.

Da ƙarfi ya ƙare, ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni gari. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Matarsa abu take murɗawa, wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi. Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa, an ce 'yar Wusasa ce, ta yi aikin asibiti, 'ya'yanta sun yi nisa. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Tarinta na sani, da waƙar coci da take yi a hankali in tana shara. Na so in shiga, to in ce na zo yin me? A nan ba a buga ƙofar mutum sai da dalili.

Sai tarin ya ɗauke. Na faɗa wa ɗana, ya ce, "Inna, ƙila ta je wurin 'ya'yanta." Ba mu ji komai ba sai da aka kafa rumfa aka jera kujerun roba a titi. An ce a ɗaki aka same ta, ta kwana biyu da rasuwa.

Yanzu ni ma tari nake yi. Da wasu suka kama hayar gidan marigayiyar, sai na ɗauki kaskon turarena na je na buga ƙofar ƙarfen. Wata yarinya mai goyo ta leƙo ta ce, "Sannu Inna, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau 'yata, wuta na zo ɗiba." Ta yi murmushi, ta koma ciki, ta miƙo mini kwalin ashana ta kafar ƙofa, ta ce in riƙe duka, ba sai na dawo da shi ba.

Na tsaya da kasko a hannu, ina ji tana saka sakata.