Tsinke a Tafin Ƙafar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Gure ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, gida bakwai tsakaninmu da gidanmu. Kullum ina zuwa in ci tuwo in yi wasa da ƙannena, amma da na matso kusa da tabarmar Inna sai wani aiki ya taso mata a madafa. In za ta ba ni abu, sai ta ajiye a ƙasa ta ce, ke, ɗauki. Kitso kuwa maƙwabciya ce take yi mini, alhali rabin kawunan unguwarmu a hannun Inna suke. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, har yaba mata ake yi a kai. Ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni tsayawa a bakin ƙofa ina kallon yadda take matse kan ƙanwata tsakanin gwiwoyinta tana tsaga gashi ba, yarinyar tana ta kuka, ni kuwa ina cewa a raina da ma ni ce. Abin da na so tun ina ƙarama ke nan, kuma ban daina so ba har na yi furfura: jikina ya taɓa nata, ta ji, ta san ni ce, ta bari.

Aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, na yi karatu, na zama malamar ilimin halittu a wani kolej a Damagaram. Wannan ya yi wa Inna daɗi ta wata hanya, don ta samu abin kirana a ƙarshe. Sai na zama Madam. Madam ta zo, a ba Madam ruwa, ku tambayi Madam ko tana cin yaji. Yadda take jan kalmar kaɗai ya isa ka san akwai tsokana a ciki.

Darasin da na fi ji da shi a shekara shi ne na jijiyoyi. Nakan zana mutum a allo, in ja layi daga fatar yatsa zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, in ce wa ɗalibai fata ba ta jin komai ita kaɗai, aikinta ta ɗauki labari ta miƙa, can sama ake karantawa. Sai in sa su zauna bibbiyu, ɗaya ya rufe ido, ɗaya ya taɓa shi da bakin tsinke biyu a haɗe. A kan yatsa kowa yakan ce biyu ne. A gadon baya kuwa, ko an raba tsinkayen da faɗin yatsa biyu, sai mutum ya rantse ɗaya ne. Aji ya ɗauki dariya, ni kuma in tsaya ina hura hanci kamar ni na ƙera jikin. Ina da wannan hali, ba zan ɓoye ba: in na san abu, sai kowa ya san na sani.

Duk da wannan ilimi, lokacin da Inna ta fara cewa a waya ƙafafunta suna zafi kamar ta taka garwashi, wani lokaci kuma tana jin kamar a kan auduga take tafiya, abin da na ce mata shi ne ta rage yawo ta riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi. Na san tana da ciwon sukari shekara da shekaru. Ban haɗa biyun ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da hutun damina na zo gida. Babanmu ya riga ya rasu, Inna tana zaune da matar ƙanina, ƙanwata kuma da take aure a Gidigir ta zo kwana uku don mu gaisa. Rana ta biyu muna zaune gindin dogon yaro, Inna tana tsince wake, sai na lura ƙudaje sun bar kowa sun taru a ƙafarta ta dama. Na yi wa ƙanwata ido. Ita da ba ta da shamaki da Inna sai kawai ta kama ƙafar ta ɗaga. Tafin baƙi ƙirin yake da lalle, don Inna ba ta wata guda ba ƙunshi, tana cewa macen da ta bar ƙafarta fari fat ta gama da duniya. A cikin baƙin nan, ƙasan babban yatsa, wuri ya kumbura yana ruwa. Ƙayar aduwa ce ta huda takalminta ta karye a cikin tafin. Inna ta leƙa tana mamaki kamar ƙafar wata ake nuna mata, ta ce ita ba ta san da zaman wata ƙaya ba.

Muka kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, wani dattijo mai magana a hankali, ya tsaga wurin ya ciro ƙayar, Inna ko gezau, har tana tambayarsa labarin mutanen gidansa. Sannan ya ɗauko wani siririn zaren roba, ya ce ta rufe ido, ya riƙa dangwala mata shi a yatsu da tafi da dunduniya. Wuri goma ya taɓa, ba ta ji ko ɗaya ba. Ya juyo yana yi mini bayani cewa sukari yana cin jijiyoyi a hankali, kuma waɗanda suka fi tsawo, masu zuwa yatsun ƙafa, su suke fara lalacewa, daga nan abin ya riƙa hawa sama kamar ana sa safa. Zafin da take ji, in ji shi, jijiyoyin da suka lalace ne suke aika labarin ƙarya, labarin gaskiya kuma, na ƙaya ko na wuta, ba ya isa. Na buɗe baki in ce na sani, abin da nake koyarwa ke nan, sai kunya ta rufe mini shi.

Ya kafa dokoki. Ba lalle, don a riƙa ganin fatar. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ruwan alwala in an ɗuma shi a gwada da gwiwar hannu. Sannan dole wani ya duba tafin kullum, tsakanin yatsu da ko'ina, don miki ɗaya in ya ɓuya zai iya tafiya da ƙafar gaba ɗaya. A hanya Inna ba ta yi maganar yanke ƙafa ba sam, lallen kaɗai ta yi ta mita a kai.

Ƙanwata ta koma Gidigir, lokacin noma ne ba a zama. Matar ƙanina suruka ce, ita ma da tata kunyar, ga ciki ya tsufa ba ta iya sunkuyo. Inna ta ce ita za ta duba abinta, muka miƙa mata madubi ta kasa ko ganin dunduniyar. Aiki dai ya faɗo kaina, kuma Allah ya gani, ban yi baƙin ciki ba.

Ranar farko, bayan la'asar, ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta juya fuska wajen katanga, ta ja mayafi ta rufe kai. Ina da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, na haifi huɗu. Na ɗora ƙafar a cinyata. Tana da ɗumi, ta fi yadda na zata nauyi, dunduniyar duk faso, farcen ƙaramin yatsa ya lanƙwashe irin nawa sak. Na wanke mikin, na shafa mai, na buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe fiye da yadda aikin yake bukata. Sai can abin ya faɗo mini a rai, cewa ga shi na samu abin da na yi shekaru ina nema, amma a daidai wurin da babu mai kai labari. Ni kaɗai nake jin wannan taɓawa.

Don kada in yi kuka sai na koma malama. Na zaro tsinke daga tsintsiya na ce zan riƙa gwada ta kullum irin na majo, in ta ji ta faɗa. Na dangwala a babban yatsa. Daga cikin mayafi ta ce ta ji. Na taɓa dunduniya, ta ce ta ji. Duk inda na taɓa sai ta amsa, kuma daidai lokacin. Gobe haka, jibi haka. Murna ta cika ni, na riƙa yi mata kirari, na buga wa ƙanwata waya na ce jijiyoyin Inna suna dawowa. Da muka koma wankin miki na faɗa wa majo, har da ƙarin bayani daga littafi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce Allah ya sa, amma shi bai saba ganin suna dawowa cikin sati biyu ba. Na fito ina cewa a raina tsoho ne, karatunsa ya kwana biyu.

Wata rana na yi wanki, na cire awarwarona na ajiye a taga, na manta ban mayar ba. Da la'asar na zauna na dangwala tsinke a yatsa. Shiru. Na sake, shiru. Na danna har tsinken ya lanƙwasa, Inna tana kwance tana jira. Can ta ce, Madam, ba ki fara ba ne? Sai na lura hannuna babu awarwaro. Na tashi na ɗauko awarwaron na sa, na dawo na zauna, na ɗaga hannu sama nesa da ƙafar na ɗan girgiza shi.

“Na ji,” in ji ta.

Ashe duk kwanakin nan da kunne take amsa mini. Ƙarar ƙarfen hannuna take saurare, da ta ji ƙil sai ta ce ta ji.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi mata faɗa da muryar aji, wadda ban taɓa ɗaga mata ba. Na ce wannan ba wasa ba ne, ƙafarta ake magana, na ce ta sa na je na yi wa majo gardama a banza, na ce in ba ta son in taɓa ta ta faɗa kawai in nemo wata. Wannan na ƙarshen ban shirya faɗarsa ba, fitowa ya yi da kansa. Nan take na fara jin nauyin abin da na yi. Sannan ta yi magana, ba ta buɗe mayafin ba.

“To yaya zan yi? Ki taɓa ni, in ce miki ban ji ba?”

Na ajiye tsinken. Na sa yatsana a tafin, na fara hawa a hankali, ina kallon bayanta. Na wuce gadon ƙafa, babu komai. Na wuce idon sawu, babu. Sai da na kai kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu, a ƙwauri, sai ƙafar ta zabura ta fice daga cinyata. Na san wannan zabura. Ba ta jiran shawarar mutum, tun daga laka ake mayar da amsa kafin kai ya san me ake ciki, shi ya sa ban ji haushi ba. Abin da zai biyo baya shi ne nata, don sai mutum ya yi niyya yake miƙa ƙafa. Na zauna hannuna a buɗe ina jira, kaji suna ta tone-tone a gefenmu. Sai ga ƙafar ta dawo a hankali ta kwanta inda take. Na rufe wurin da tafin hannuna gaba ɗaya. Ba ta ce ta ji ba, ni ma ban tambaya ba, muka zauna haka har aka kira magariba.

Mikin ya warke kafin hutu ya ƙare, na koma Damagaram, ƙanina ya karɓi duban ƙafa. Bayan nan duk hutu ina zuwa, kuma duk zuwa sai in tarar iyakar inda take ji ta ƙara hawa, wani lokaci da faɗin yatsa, wani lokaci fiye. Sukari bai fasa aikinsa ba. Nakan gama duba tafin, sannan in bi ƙwaurin da yatsa ina neman inda take ji, in na samu in tsaya nan. Ba mu taɓa yin maganar abin ba, har yanzu Madam ce ni a bakinta.

Zuwana na ƙarshe, shekara uku bayan ƙayar, na hau har tsakiyar ƙwauri ban samu ba. Na ƙara hawa, babu. Tsoro ya kama ni, na fara laluben nan da can kamar wadda ta yar da allura. Sai ta tashi zaune, ta miƙo hannu ta kama nawa a wuyan hannu, ta ja shi ta ɗora ƙasan gwiwarta, ta ce nan ne. Tafin hannunta busasshe ne, da kanta a gindin yatsu, irin na wadda ta yi shekara sittin tana daka. Ba ta ɗauke shi ba, ta bar shi a kan nawa.

Ta rasu kafin wani hutun, da ƙafafunta biyu cif, abin da majo ya ce mu gode wa Allah a kai, kuma mun gode. Ina kewarta sosai. Sau ɗaya ta riƙe hannuna a duniya, kuma bai ishe ni ba.