Akwatin da Aka Binne a Bayan Arlit

Ni mutuniyar Maradi ce, aure ya kai ni Arlit, can nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mu Kirista ba mu da yawa a garin. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano, kowa ya san abin da kowa ya dafa.

Shekarar da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan haƙar ma'adinin yuraniyom, Nasara, wato Turawan kamfanin, suka tattara nasu ya nasu suka tafi, aka kwashe ɗakin karatun unguwarsu aka watsar. Ban san da zancen ba sai ranar da na sayi ƙosai, aka ƙunsa mini shi a wani shafi inda jirgin ruwa ke nutsewa da mutane a ciki. Na cinye ƙosan, na karanta shafin duk da man da ya sha, na koma wurin mai tuyar na ce ina sauran. Ta nuna mini kwali biyu cike da littattafai a bayan murhu. Na kawo mata tsofaffin takardun 'yan ajina a madadinsu, ta ce ai waɗannan ma sun fi tsotse mai.

Haka na mallaki littattafaina, na zuba su a akwatin ƙarfe na aurena. Duk da Faransanci suke. Akwai tsofaffin labarai masu kauri, na marayu da matalauta a garuruwan sanyi. Akwai kuma na ƙasashen da babu su a duniya, inda macizai ke da fikafikai, tsofaffi ke buga sanda ƙasa dutse ya tsage. A Arlit ba a sayar da irinsu. Wanda ya ɓace ya ɓace ke nan.

Ban ɗauke su da ka ba. Na san ni wace ce, na san abin da na gaskata. Kowane littafi sai na karanta shi har ƙarshe, ina lura da wanda labarin ke goya wa baya. In mugunta ta fito da fuskarta ta mugunta, in kuma wani ya ba da ransa ko abin hannunsa saboda wani, sai in zana ɗan gicciye a cikin bangonsa. Wanda ya mayar da tsafi abin sha'awa, ko ya bar azzalumi yana dariya a shafin ƙarshe, na mayar wa mai ƙosai shi, can ya fi amfani. Masu gicciyen nake karanta wa yaran ikilisiya ran Asabar da la'asar, ina juya musu da Hausa.

Ba ni kaɗai nake zaɓen ba. Akwai ƙawata, maƙwabciyata, 'yar wajen Tawa, matar wani direban kamiyo, babbar motar kaya. Ta fi ni son macizan nan nesa ba kusa ba. Ita ce ke ƙona miya saboda karatu. Takan leƙo ta kan katanga ta ce, "Ƙawa, mi kike jira? Miƙo mini na biyun, mutumen nan ya hwaɗa rami kuma ba ni da labari nai!" Mukan yi gardama a kan littafi kamar masu rabon gado. Rabin gicciyen da ke akwatin da hannunta aka zana su.

Da hutun damina ya zo zan tafi Maradi ganin mahaifiyata, sai na bar mata akwatin don kada karatun Asabar ya tsaya. Mu biyu muka ɗauke shi, hannu ɗaya ni, hannu ɗaya ita, muka kai shi ɗakinta.

Wata biyu na yi. Ranar da na dawo na aika a karɓo mini shi, aka ce ba ta nan. Washegari ma ba ta nan. Maigidana, wanda ba ya son tashin hankali ko na kaza, ya yi ta kame-kame, daga baya ya zaunar da ni ya faɗa mini.

Akwai dattijon ikilisiyarmu, mutumin kirki, ba zan ci zalinsa ba. Aikinsa a kamfani kafin ya yi ritaya shi ne yawo da wani ɗan inji mai ƙara, yana auna gubar da ido ba ya gani. Shi ya taɓa shiga kasuwa ya raba mutane da tukwanen da aka ƙera da ƙarafan ramin, ana zaginsa yana kwashewa. Bayan tafiyata wata uwa ta kai masa ƙara cewa ɗiyarta na mafarkin maciji mai tashi sama. Ran Lahadi ya yi wa'azi a kai. Da aka zo lokacin shaida, inda kowa ke iya miƙewa ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa, sai ƙawata ta miƙe. Ta ce ta daɗe zuciyarta ba ta kwanta da littattafan nan ba. Ta ce ni na ja ta ciki, kunyata ce ta hana ta magana. Ta yi kuka, aka yi mata addu'a, aka raira waƙa. Bayan an tashi ta kai dattijon da mutanensa har gindin gadonta, inda akwatin yake.

Ban ko sa takalmi daidai ba na nufi gidan dattijon. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwa.

Na ce, "Baba, ko ɗaya ka karanta a ciki?"

Ya ce, "Ɗiyata, tukwanen nan ma ban ci abinci a cikinsu ba kafin in kwashe. Sumul suke, sun fi na kowa ƙyalli."

Na ce a cikin Maganar Allah ma akwai jakar da ta yi magana, akwai maciji mai kawuna bakwai. Ya ce wannan Allah ne ya faɗa, wancan kuwa Nasara ne. Na ce to a ba ni tokarsu in gani.

"Ba mu ƙona ba," in ji shi, har yana jin daɗin kansa. "Abu mai guba ba a ƙona shi, hayaƙin ya dawo cikin gari. Binnewa ake yi, kamar yadda muke yi a wurin aiki. Mun kai shi can bayan gari, mun haƙa mai zurfi, ba mu bar alama ba. Kin san mutanenmu, in suka ga alama sai sun tono."

Na fito ina kallon hamadar da ta kewaye garin, fili fetal, ko'ina iri ɗaya. Akwatin aurena yana wani wuri a ciki, da duk abin da na ceto daga bakin kasko.

Dattijon ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da ya sani ya yi, bai taɓa ce mini yana son labari ba. Amma ita! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ta ce tsoro ta ji, da na fahimta, don mu kaɗan ne, wanda ikilisiya ta juya wa baya a Arlit ba shi da inda zai zauna ran Lahadi. Tana iya miƙa akwatin ta yi shiru. Sai ta zaɓi ta wanke kanta da sunana a gaban mutanen da nake koya wa 'ya'yansu. An hana ni karatun Asabar. Mata suka riƙa gaishe ni a hankali, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Na ji zafin cin amanar nan fiye da yadda na ji zafin rashin littattafan, kuma har yau ina jin sa.

Muka yi wata uku ba mai ce wa wani uffan sai gaisuwar dole. Ran nan da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai na ji motsi a kan katanga. Ita ce, ta rage murya, tana waige-waige.

"Ƙawa," ta ce, "don Allah tambaya guda. Yarinyar nan mai saƙa, wadda ta bi kogin ƙarƙashin ƙasa neman ƙanenta. Saura mini shafi kaɗan in ƙare aka zo aka ɗauka. Ta ishe shi da rai?"

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannuna ina kallonta. Ko gafara ba ta nema ba. Idonta kuwa irin na dā, yana ƙyalli da son jin labari.

Na san amsar, sau biyu na karanta littafin. Na matse zanen, na shanya shi, na shiga ɗaki.

Shekara huɗu ke nan. Benci ɗaya muke zama a majami'a, tare muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, ina faɗa da ƙarfi kamar kowa. Na je sunan ɗanta, na yi mata daka da ta kwanta ciwo. Ta sake tambayata sau biyu, ban gaya mata ba.