Busasshiyar Rigar Iortyer

Ranar Litinin, 21 ga Agusta, 2017, Ɗanmusa tela na Bukan Sidi ya fara haɗuwa da Iortyer, a bakin wani kwalbati da ruwa ya cinye a hanyar Keana. Direba ya sauke fasinjoji ya juya Lafia. Shi kuwa Ɗanmusa ba shi da halin juyawa, don an yi masa waya cewa jikin mahaifiyarsa ya tsananta a ƙauyensu, can gaba da Keana, tana ta kiran sunansa.

Yana tsaye cikin yayyafi sai wani gajeren dattijo, mutumin Tibi, goye da jakar baya, ya tambaye shi inda za shi. Da ya ji, sai ya naɗe wando ya ce, "Mama naka yana jira, kai kana kallon ruwa. Mu je, hanya na ne."

Dattijon shi ne Iortyer, mai gyaran injin feshi ne. Da damina manoma ke feshi, da damina injin ke lalacewa, don haka shekara da shekaru a cikin ruwa yake bin ƙauyuka a ƙasa. Lema ba ta cikin kayansa, ya ce iska ce ke cin ta. Sifanoninsa a naɗe suke cikin tsumma mai baƙin mai saboda tsatsa. A can ƙasan jakar akwai riga ɗaya da wando ɗaya a ƙulle cikin leda biyu. Waɗannan na kwana ne kawai. Gari na wayewa zai cire su ya ƙulle, ya mayar da jiƙaƙƙun jiya, yana tsaki yana tsalle har jiki ya ɗauki zafi.

Ya koya wa Ɗanmusa haka tun yammacin farko, a rumfar wata gona inda suka sauka. Amma da asuba Ɗanmusa ya yi salla cikin busassun kayansa, ya taɓa jiƙaƙƙun ya ji kamar ƙanƙara, ya ce, "Baba, yau ai gari zai buɗe."

"Kai tela ne ko mai duba?" in ji Iortyer.

Ɗanmusa ya kama hanya da busassun a jikinsa. Gari bai buɗe ba. Suka wuni ana tafka ruwa, rafi na kai musu ƙugu. Kafin magariba Ɗanmusa ba shi da ko zare busasshe. Haƙoransa na kaɗawa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ga sauran tafiya a gaba. A barandar wata makarantar firamare Iortyer ya kwance ledarsa, ya miƙa masa kayan. Rigar ta ankon bikin cocinsu ce, da hoton ƙararrawa a ƙirji.

"Kai fa, Baba?"

"Ni ba mama ke jira na ba. Sa."

Ɗanmusa ya sa. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya juya bakin rigar ya duba, ya ce, "Wa ya yi maka wannan ɗinkin? Allah ya shirye shi."

"To, ka warke ke nan," in ji Iortyer, ya jingina da bango cikin jiƙaƙƙun kayansa.

Washegari da hantsi suka isa. Tsohuwar ta gane ɗanta, ta riƙe hannunsa, ta yi masa maganar da take son yi. Ranar Juma'a ta rasu.

Iortyer ya kwanta da tari a zauren gidan har aka yi addu'ar bakwai. Halimat, ƙanwar Ɗanmusa, ce ta yi jinyarsa da kunun tsamiya da citta. Ya ci gaba da yawon damina har 2021, lokacin da gwiwa ta hana shi. Yanzu yana gyara a gindin wani mangwaro a Akurba, manoma ke kawo masa injinan a kan babur.